Mutum-mutumin Baba

"Don girman Allah ka tashe shi," na ce wa mai gyara. "Baba ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nasa."

Ya leƙa cikin mutum-mutumin da na saya wa Baba tun da ya makance, ya girgiza kai. "Ruwa ya shiga ƙwaƙwalwarsa. Wannan kam sai dai sabo."

Baba yana kwance, leɓɓansa sun bushe, ko magani ya ƙi sha. Ni kuwa rabona da gidan tun bara, ban ma san inda cokali yake ba.

Dabara ta faɗo mini. Na zura safar hannun mutum-mutumin, na kwaikwayi muryarsa.

"Ranka ya daɗe, lokacin cin abinci ya yi."

Baba ya buɗe baki. Ya ci, ya ƙara, ina ta haɗiye kuka.

Sai ya damƙe wuyan hannuna.

"Shi hannunsa ba ya rawa, Auta," ya ce. "Ni na juye masa butar ruwa. Da bai mutu ba, yaushe za ka zo?"