Robar Taya Ƙarƙashin Sifika

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗu tun azahar ya ƙi zuba. Wani tsohon direban babbar mota yana ɗakinsa a gidan haya, ya kunna waƙoƙin da. Ido ya yi rauni, tuƙi ya ƙare. Abin da ya rage masa kunne ne, sai rediyonsa mai manyan sifiku biyu, waɗanda ya ɗora a kan teburin katako ya manna da bango. Bayan bangon nan ɗakin matar maƙwabcinsa ne, inda ta yi jeren kwanuka da tangaran har kusa da rufi. In ganga ta buga a wajen tsoho, kwanuka su amsa a wajenta. Ranar nan farantai uku na gadon uwarta suka zame suka tarwatse. Ta fito tsakar gida tana kuka. Mai gidan hayar ya yanke hukunci: ko tsoho ya rabu da kayan kiɗan kafin Juma'a, ko ya naɗe tabarmarsa ya bar gidan. Mijin matar ya ƙara da cewa, "Haba Baba, da furfurarka? Ka mai da mana gida dandali!" Tsoho ya ce, "Ba na rabuwa da su, ba na tashi. Ɗaki na kama haya, kunnen nawa ne." Ya shige, ya saki labule.

Amma taurin kai daban, wauta daban. Farantan sun tsaya masa a rai, don matar ba ta taɓa wuce ƙofarsa ba gaisuwa ba. Ya rage muryar rediyo sosai, ya kasa kunne. Kwanuka ba su daina ƙara ba. Ya dafa tebur, ya ji yana rawa. Ya dafa bango, shi ma haka. Sai ya cire wayar sifika ɗaya, ya ɗaga ɗayar ya rungume a ƙirji. Waƙa na tashi, bango shiru. Ashe ba amon ne ke ɓarna ba, girgiza ce ke bin katako ta shiga bango. Shekara talatin yana bisa hanya, ya san ba a ɗaure inji da ƙarfen mota sai da roba a tsakani, in ba haka ba ƙusoshi su warware tun kafin a kai Funtuwa.

Washegari da hantsi ya dogara sandarsa zuwa wurin mai faci, ya sa aka yanka masa tsohuwar taya gunduwa takwas, kowace da kaurin ƙosai. Ya sa huɗu a ƙarƙashin kowace sifika, ya janye tebur daga bango. Ya tsaya a ƙofar matar ya ba ta haƙurin farantanta, ita kaɗai. Sannan ya ce mijin ya shiga ya tsaya gaban jeren, mai gidan hayar kuma ya dafa bango. Ya murɗa rediyo daidai inda ya saba murɗawa, bai rage ko kaɗan ba. Ganga ta buga. Ko murfin kwano bai motsa ba. Mai gida ya janye hannunsa yana gyaran murya. Tsoho bai dube shi ba, ya miƙe ƙafa a tabarma har waƙar ta ƙare.

Kafin ka kori mutum, dafa bango tukuna. Hausawa sun faɗa: an bar jaki, ana dukan taiki.