Abin da Linka Ke Nema

"Har yanzu bai haɗu ba?" Oga ya tambaya, yana tsaye a bayan Injiniya.

Ta girgiza kai. Shirin kwamfutar da zai sarrafa sabon lif ɗin benen ya ƙi kammaluwa. Linka, manhajar da ke ɗinke guntayen shiri wuri guda, ta kafe a kan jan layi ɗaya: an kira wani aiki mai suna bk2, amma ba ta ga inda aka rubuta shi ba.

"Dogo ne ya rubuta wannan ɓangaren, ranka ya daɗe. Ya fita cin abinci, wayarsa a kashe."

"Mai benen yana ƙasa yana jira. In ya juya, kwangila ta tafi, ke ma ki bi ta."

Ta ƙirƙiri aiki mai suna bk2, ta bar cikinsa fanko. Linka dai suna take nema, ba ruwanta da abin da ke ciki. Jan layin ya ɓace.

"Kin gani? Tsoro ne ya yi miki yawa!"

Oga ya ɗora shirin, ya ja mai benen suka shige lif. Ƙofa ta rufe sumul.

Sai ga Dogo yana sakace.

"Yaya, kin samo fayil ɗin bk2? Mantawa na yi ban haɗa shi da sauran ba."

"Me yake yi?"

"Buɗe ƙofa mana."

Wayarta ta fara ruri. Oga ne.