Kwalin da Ya San Mai Shi

Tun daga zaure Tabawa take rangaɗa guɗa, ta ɗaga kwalin maganin zazzaɓi sama kamar wadda ta ciyo kofi.

"Ku fito ku ji! Magana yake yi!"

Matan gidan haya suka kewaye ta. Tana ɗora yatsa, kwalin ya fara zayyano tarihinsa: masana'antar da aka yi shi, motar da ta ɗauko shi, ɗakin da ya kwana a Zariya, har hannun mai kemis. "Ni na gaske ne, kuma na Tabawa ne kaɗai. In aka ba wani, zan kulle."

"Wallahi ya fi maigidana faɗin inda ya kwana!" in ji wata. Aka bushe da dariya. Tabawa ta fi kowa murna, ita da jabun allura ta raba da ɗanta na fari.

Maƙwabciyarta Lantana ce kawai ba ta dara ba. Jikinta sai karkarwar zazzaɓi yake, kuma sai jibi sunanta zai fito a jerin masu jiran magani a kemis.

"Yaya, ko ƙwaya ɗaya," ta raɗa.

Tabawa ta ɓallo ƙwaya, ta kai hannu baki a gaban kwalin, ta kurɓi ruwa da ƙara. Ta bayan zane ta zura wa Lantana ita. Mata suka danne dariya.

"Allah ya ƙara sauƙi, Tabawa," in ji kwalin. Sai ya ƙara da cewa, "Lantana, ki ci abinci tukuna."

Ba wanda ya ambaci sunanta a gabansa.