Shafi Goma Sha Ɗaya na Alamar Tambaya

Amnon ya sake buɗe takardar a kwamfuta, karo na nawa ke nan shi ma bai sani ba. Shafi goma sha ɗaya, babu harafi ko ɗaya, sai alamar tambaya jere reras. Waƙafi da aya suna inda aka sa su, kwanan wata ma yana sama. Rubutun Ibranancin ne kawai ya tafi.

Wata huɗu ke nan da rasuwar matarsa Tirza. Ya shiga kwashe ɗakinta ne ya kunna tsohuwar kwamfutarta, ya tarar da takardu bakwai masu sunansa, amnon1 har zuwa amnon7, duk haka suke. Ta bakwai ce mafi tsawo. Shekara arba'in suna tare, bai taɓa sanin Tirza tana da maganar da za ta cika shafi goma sha ɗaya ba. Yanzu babu abin da yake so a duniya kamar ya karanta ta.

Abin takaicin, in da mai gyara irin wannan a birnin Haifa, to shi ne. Shi ya kafa dandalin intanet na masu amfani da manhajar kwamfuta ta Linux, ya ɗora shi a kan wata kwamfuta da ke gurnani a kabad ɗin falonsa har yau. Shi ya ja wayoyin gidan da hannunsa, ya raba wa kowace na'ura lamba: ta dandali ɗaya, tasa biyu, firinta uku, ta Tirza huɗu. Takan yi dariya ta ce ko firinta ta riga ta. Shi kuma ya goge manhajar da ta saba da ita ya sa mata Linux, wai don ta samu 'yanci, ba tare da ya tambaye ta ko tana so ba.

Kuma mutumin yana da doka. Maƙwabci ne, surukinsa ne, duk wanda ya tare shi da tambaya amsa ɗaya ce: “Rubuta a dandali, kowa ya amfana.” Mu maƙwabta da muka sha wannan amsa a matattakalar bene ba mu manta ba.

To, shi ma ya rubuta a dandali. Kwana tara babu wanda ya tanka. Mutum dubu uku ne a rajista, amma duk sun watse, sun bar shi da gurnanin kabad.

Ranar Juma'a da hantsi ya kira Shraga, abokinsa tun farkon dandalin.

“Kai, dattijo, ashe kana raye?” in ji Shraga. “Na ɗauka injinan nan sun cinye ka.”

Amnon ya yi masa bayani. Shraga ya ce, “Haba Amnon, kai fa ka koya mana. In aka adana rubutu a haka, shi ke nan, ya tafi. Tun kafin a adana ake gyarawa, layin umarni ɗaya ne tal za a rubuta wa kwamfutar.”

“Na sani.”

“To ka zo ka ci abinci mana. Matata ta yi kifi.”

“Ba ni minti biyar.”

“Minti biyar ɗinka? Allah ya jiƙan Tirza, ita ta san tsawonsu.”

Bai je ba. Ya ɗumama sauran miyar jiya, ya ci a tsaye, ya koma kan kujerarsa. Shaguna suna ta rufewa saboda gabatowar Asabar, ranar hutun Yahudawa, ƙamshin girkinta yana shigowa ta taga daga gidajen da ke da mutane. Kaɗaici ya danne shi har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya shiga tonon tsofaffin saƙonnin dandalin, ko wani ya taɓa samun dabara.

Ya samu saƙo guda, na shekara ashirin da suka wuce, daga wani Gabriyel na garin Tiberiya: “Ku yi haƙuri, ni sabon shiga ne. Duk sanda na adana rubutuna sai Ibranancin ya koma alamar tambaya. Na gwada har na gaji. Wasiƙa ce, kuma tana da muhimmanci a wurina.”

A ƙasa akwai amsa ɗaya, kuma tasa ce: “An yi wannan tambaya sau ɗari. Ka bincika kafin ka ɓata wa mutane lokaci.” Sannan ya rufe zancen. Gabriyel bai ƙara rubuta komai ba.

Kunya ta kama Amnon. Layi ɗaya ya hana bawan Allah, alhali faɗan da ya rubuta ya fi layin tsawo. Amma sai wani tunani ya zo masa: wanda aka kora haka, ƙila ya je ya nemo wa kansa hanya. Ƙila ma ya gano yadda ake dawo da abin da ya ɓace. In ya same shi zai ba shi haƙuri, ya roƙe shi.

Ya aika saƙo ga adireshin da Gabriyel ya yi rajista da shi, ya dawo nan take, babu mai shi. Amnon bai karaya ba, don shi ba ya zubar da komai. Kwamfutar kabad tana riƙe da tarihin duk wanda ya taɓa shigowa da lambar na'urar da ya shigo da ita. Daga lambar za a gane gari, wani lokaci har ma'aikata.

Ya lalubo shekarar, ya lalubo ranar, ya bi layukan da ɗan yatsa har ya kai kan sunan Gabriyel. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Saƙon bai zo daga Tiberiya ba, bai ma fita ƙofar gidan ba. Lambar cikin gida ce, ta huɗu, wadda ke bin bayan firinta.