Jarrabawar Baba Fasinja

Jirgin ya sake faɗuwa a gonar da ke gaban titin sauka. Allo ya yi ja, ɗakin ya ɗauki "kash!" Kyaftin ya saki sitiyari, ya share gumi da hannun rigarsa.

Ba kyaftin ɗin gaske ba ne, gyaran kwamfuta yake yi. A ɗakin bayan shagonsa ya haɗa alluna da kujerar tsohuwar mota da sitiyarin jirgi na roba. Duk yammacin Asabar masu ciwon jirgi irinsa suke taruwa, tela da malamin makaranta da direban tanka, su tuƙa jirgin sama na kwamfuta, su yi ta musu a kan iska da fukafukai. Babu wanda ya taɓa zama gaban jirgin gaske a cikinsu, amma in ka ji bakinsu sai ka ba su fasinjoji.

Suna da wata farar hular matuƙa da wanda ya fi kowa iyawa yake sawa, kuma ta daɗe a kan Kyaftin. Ya sauke jirgi cikin hadari, ya sauke babu mai, ya sauke da taya ɗaya. Abu guda ne ya gagare shi, jarrabawar Baba Fasinja. An kuma yi ittifaƙi cewa duk wanda ya ci ta, hular ta zama tasa.

Baba Fasinja dattijo ne da ya kawo gyara wata rana, ya ji ƙarar inji daga ciki, ya leƙa, tun daga nan bai sake fashi ba. Bai taɓa taɓa sitiyari ba. A bencin baya yake zama, sanda tsakanin gwiwoyi, sai an kusa tashi ya ce a sa masa tasa jarrabawar: ƙaramin jirgi mai inji biyu, cike da mutane, ana ruwa, injin hagu ya mutu jim kaɗan bayan tashi. Nauyin jirgin da ƙarfin iskar duk da ka yake faɗa, ba ya ko tuntuɓe.

Kowa ya gwada, kowa ya faɗi, Kyaftin ne na ƙarshe. In allon ya yi ja sai Baba ya sauke dogon numfashi ya ce, "To, haka Allah ya so." Ya tashi ya tafi, tafiyar komawarsa ta fi ta zuwansa sauƙi. Tela yakan ce tsohon nan daɗin faɗuwarsu yake ji.

Ana haka wani ɗan kemis ya shigo ƙungiyar, mai hannu da kuma baki. Sau ɗaya ya kalli Kyaftin yana jarrabawar ya kwashe da dariya.

"Haba Kyaftin, ai da wuri kake sakin tayoyi, iska ce take riƙe ka. Wannan ko ɗan koyo ba zai yi ba. Ba ni kujerar."

Fuskar Kyaftin ta canza. Ya ce kwamfutar ta yi zafi. Sati ya zagayo ya ce sitiyarin yana cijewa. Aka fara kallon juna, har malamin makaranta, da yake amininsa ne, ya ja shi gefe ya ce ya ji tsoron Allah, hula ce fa kawai. Kyaftin ya rame a ido, ya daina wasa da dariya, kuma kowa ya ɗauka ya san dalili.

Da uzuri ya ƙare, ɗan kemis ya zauna. Jirgi ya tashi, injin hagu ya mutu, hancin ya karkata, ya danna feda da ƙafa ya miƙar da shi. Ya juyo a hankali cikin ruwan, tayoyi a naɗe. Gonar da ta cinye kowa ta wuce ta ƙarƙashinsa. Fitilun titin sauka suka bayyana.

A baya aka ji sanda ta faɗi. Baba Fasinja ya miƙe tsaye, hannunsa ɗaya dafe da bango.

Kyaftin ya miƙa ƙafa ya shure soket. Alluna suka mutu.

Ɗan kemis ya tashi kamar zai dake shi. Babu sunan da bai kira shi da shi ba, ɗan baƙin ciki ne mafi sauƙi, kuma wannan karon ba wanda ya tare wa Kyaftin. Shi ko bai kalle su ba. Ya ɗauko sandar ya miƙa wa dattijon.

"Baba, dama ba zai kai ba. Gudunsa ya yi kaɗan."

"Ba zai kai ba ko, ɗana?"

"Ba zai kai ba. Babu mai iya kai shi."

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya gyaɗa kai, ya ce haka Allah ya so, ya fita a hankali.

"Wallahi ƙarya kake!" in ji ɗan kemis. "Na riga na sauke shi!"

Kyaftin ya leƙa ya tabbatar tsohon ya yi nisa, ya turo ƙofa. Ya cire hular ya ɗora a kan ɗan kemis.

"Na sani. Ni ma tun makon farko na sauke shi, da ba kowa a ɗakin. Hula taka ce, amma don Allah kada ka sake sauke shi a gaban Baba. Ɗansa ne ya tuƙa jirgin nan na gaske, kuma babu wanda ya fita da rai. Faɗuwarmu ce take nuna masa ba laifin ɗansa ba ne."