Ranar da Murhun Safara'u Ya Ƙi Ci

Ƙarfe tara na safe wutar ta fara ja da baya, tara da kwata ta mutu murus, ta bar shinkafar mutum ɗari biyu ko tafasa ba ta yi ba. Karo na uku ke nan a wata guda.

Murhun ba irin na kowa ba ne. Ba ya cin itace, ba ya cin gawayi, sai felet, wato garin katako da aka matse ya zama 'yan ƙwayoyi kamar abincin kaji. A zuba su a akwatin da ke samansa, wani murɗaɗɗen ƙarfe ya riƙa turo su cikin wuta kaɗan-kaɗan. Alhaji Uthman, yayan Safara'u, shi ya saya ya kafa mata a gidan abincinta da ke Kubwa, inda take dafa wa leburorin wani kamfanin gini abincin rana. Ranar da aka kawo shi, masu abincin layin kaf sun zo kallo, har da masu shafawa. Safara'u ta kasa kunne tsaf, ba wadda ta ce tubarkalla. Abin ya tsaya mata a rai, kuma tun daga ranar ba ta yarda kowa ya riga ta shiga kicin da safe.

Mai gyara na farko ya canza fis ɗin lantarki. Na biyu ya kwashe komai ya zubar, ya ɗora wa injin da ke juya ƙarfen laifi, ya ci tuwo kwano biyu ya tafi. Safara'u dai ta ce wannan ba lalacewar Allah da Annabi ba ce, ta ƙara ɗaura ɗamara ta nata ɓangaren.

Alhaji Uthman kuwa mutum ne mai saurin hawa. Yau da kansa ya zo da mai gyara na uku, wani siriri mai suna Thaddeus, ya kuma rantse a gaban ma'aikata cewa in aka samu da hannun wani, ko waye zai bar aiki kafin azahar. Kowa ya san inda maganar ta dosa. Clara ce ke cika akwatin felet kullum da yamma kafin a rufe. Shekararta bakwai tana wa Safara'u aiki, tun suna tuyar ƙosai a bakin tasha, kuma da aikin nan take riƙe 'ya'yanta biyu a makaranta.

Thaddeus ba ya gaggawa. Ya gwada batir, lafiya lau. Ya duba fis, bai ƙone ba. Ya kunna, fankar da ke hura wutar ta ɗauka, injin ya yi ta gurnani amma ƙarfen ya ƙi juyawa. Ya taɓa injin ya janye hannu da sauri don zafi. Sai ya kashe komai, ya naɗe hannun riga, ya fara kwashe felet da kwano. Can ƙasa, a maƙogwaron akwatin, ƙwayoyin sun kumbura sun haɗe kamar ɗumamen tuwo. Ya kwance noti huɗu, ya zaro ƙarfen, ga shi ya cushe dam.

"Oga, murhu ba shi da laifi," in ji shi. "Ruwa ne. Felet in ya sha ruwa sai ya kumbura ya toshe hanya. Ruwan ma kamar ba mai tsabta ba, duba yadda ya bar baƙi-baƙi."

Safara'u ta yi saurin kawar da kai daga ƙarfen.

Aka buɗe buhunan felet da ke sito, a bushe suke ƙayau. Aka ɗaga kai aka dubi kwanon rufi, ba yoyo, kuma watan Maris ne, rabon Kubwa da ruwan sama an manta. Thaddeus ya ce ba da yawa ake zubawa ba, kaɗan ne amma kullum, yana gangarawa ya taru a ƙasa.

Alhaji ya juya kan Clara, ya wanke ta tas. Ya kira ta butulu, ya tambaye ta wace mai abinci ce a layin ta saye ta. Maƙwabta suka cika ƙofa. Sau ɗaya kawai Clara ta ɗago ta dubi uwar ɗakinta. Safara'u ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta har ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki, ta ga idon yayanta, ta ga matan layi a ƙofa, ta rufe.

Kafin sha ɗaya Thaddeus ya kankare ƙarfen, ya mayar, ya zuba busasshen felet. Ƙwayoyi suka fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya, wuta ta tashi. Aka yi ta murna, ban da mai murhun.

Clara ta cire rigar aiki, ta ninke ta a kan benci, ta ɗauki jakarta. Da ta zo wucewa sai ta ɗan rusuna a gefen Safara'u kamar mai sallama, ta yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ita.

"Madam, ki kwantar da hankali, ni ba zan faɗa ma kowa ba. Amma wannan ruwan rubutu na malam da kike yayyafawa cikin akwatin kullum da safe, don Allah ki koma zuba shi a bakin ƙofa."