Rabon Naman Aziziyya

Ƙashi ya sake faɗowa a kwanon Uzair, shekara ta uku ke nan.

A ƙungiyar ɗalibai 'yan gwagwarmaya ta unguwar Aziziyya a ƙasa mai tsarki, ba a raba naman layya sai an auna wa aka fi dannewa. 'Yan Nijar su kwashi cinya, 'yan ƙananan ƙabilu su ɗauki hanta. Bakano irin Uzair kuwa, in ji shugaba Abdulwadud, kakanninsa sun riga sun cinye rabonsa.

Uzair ya ture kwanon. "Wallahi na gaji, Malam! Ni mutum ne, ba jiha ba. Kowa ya yanka nasa ya ci abinsa, ba ruwan kwamiti."

Washegari ya kafa Majalisar 'Yantattu a ɗakinsa: babu shugaba, babu ƙabila, babu tambayar asali. Mutum tara suka shiga, har da tafi.

Ana cikin zama sai Majid, Bahaushe haifaffen nan ƙasar, ɗan unguwar Misfala, ya yi sallama. "Ya shabab, samari, ni ma a sa ni."

Uzair ya dubi 'yantattunsa, Kanawa zalla, ya dubi tukunyar da ke tafasa.

"Ma'alesh, ya akhi, yi haƙuri ɗan'uwa. Gurbin 'yan waje ya cika."